Tambayar da Na Kasa Yi wa 'Yar Farina

Assalamu alaikum Edita, da masu karanta wannan shafi. Da ana dawo da ranar da ta wuce, akwai wata Asabar da zan roƙi Allah ya dawo mini da ita, in koma kan kujerar da na gudu na bari, in buɗe baki in yi tambaya guda ɗaya. Na haura shekara saba'in yanzu. Karatuna na allo ne da 'yan shekaru a firamare, a yi haƙuri da rubutuna. Lokacin da abin ya faru ina gadin wani sito a Khumra, ina zaune a Aziziyya, duk a Jidda, tare da 'yata ta fari, wadda mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama.

Ni mutum ne da tsoro ya raina. Na shigo Jidda ina saurayi, na yi shekaru ba iƙama, wato takardar izinin zama, ina tafiya ina waige. Ko bayan na sami kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya mini, takarduna suka gyaru, jiniyar mota kaɗai kan sa in nemi wurin ɓuya. Na taɓa gani da idona an kama wani maƙwabcinmu da jarkar giyar da ake haɗawa a ɓoye, aka fito da shi da ankwa a gaban 'ya'yansa, bayan hukunci aka mayar da shi gida, iyalinsa suka watse. Ban da tsoro kuma akwai kunya. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zaman hira da shi. Haka aka yi mini, haka na yi mata. Duk wata magana tsakaninmu ƙanwata ce ke kai ta kawo, don ita ta raini yarinyar. Da ƙanwar ta koma Katsina sai aka bar mu mu biyu, daga gaisuwa sai ga abinci.

Yarinyar ta koyi girki a makaranta, ta sami aiki a wani gidan abinci na cikin gari, ba nisa da tsohuwar unguwar Balad. An kuma sa ranar aurenta da wani yaro mai hankali, haifaffen Jidda, da take matuƙar so. Wata safiya ta durƙusa a bakin ƙofa, da Hausarta mai gauraye da Larabci, ta ce tana roƙon in zo wurin aikinta bayan azahar, akwai abin da take so ta nuna mini. Na ce to, ban ɗago kai ba.

Ina tura ƙofar wurin sai na tsaya cak. Bango guda daga ƙasa har sama kwalabe ne a kwance, baƙaƙe da koraye. Ga kofunan gilashi masu doguwar ƙafa an rataye su kai a ƙasa. Ko a majigi na san irin wurin da ake jera kwalabe haka. Wani ma'aikaci ya tare ni da murmushi, ya ce ai ni ne baban shugabar kicin, ya kai ni tebur. Aka fara kawo abinci a 'yan ƙananan faranti, wai haka mutanen Sifen ke ci: zaitun, jatan lande a cikin mai da tafarnuwa, soyayyen dankali da jan miya, da wani busasshen nama ja da aka yanka siriri kamar takarda. Zuciyata ta ce wannan naman alade ne. Sannan ya kawo kwalba, ya murɗa wani ƙarfe ya zare toshiyar, ta yi ƙara. Ya zuba jan abu kaɗan a kofi, ya tsaya yana jiran in ɗanɗana. Na ce masa ya ajiye kawai.

Ta wata taga ina hango 'yata a kicin da farar hula, tana ba da umarni. Taku goma ne tsakaninmu. Na yi ta juya yadda zan kira ta, amma da wane suna, kuma yaya uba zai dubi idon 'yar fari ya tambaye ta ko giya take sayarwa? Ina cikin haka sai 'yan sanda biyu suka shigo da kakinsu. Na shafa aljihu na taɓa iƙamata, na ga a raina an sa wa yarinyar ankwa, an fito da ita a bainar jama'a. Suka zauna a tebur na kusa da ni suna duba takardar abinci, ni kuwa na ce a raina jiran sauran motoci suke. Na miƙe kamar mai neman bayan gida, na sulale na fita, na tari tasi. Ban ko tsaya tunanin cewa na bar 'yata a cikin abin da nake gudu ba. Wannan har yau shi ya fi ci mini rai.

Da ta dawo gida na rufe ɗaki na ce kaina ke ciwo. Kwana uku ina jiran a buga ƙofa, duk motar da ta tsaya a layinmu sai in leƙa. A rana ta huɗu, bayan la'asar, na ja wani aminina gefen masallaci na ce masa yarinyar nan gidan giya take aiki, da idona na gani, ina son ya ba ni shawara. Na roƙe shi ya rufa mini asiri, ya ce shi ke nan, maganar ta mutu a nan. Matarsa kawai ya gaya wa. Kafin Juma'a maganar ta isa kunnen uwar yaron da zai aure ta, kuma ta isa da shaidar cewa daga bakin uban yarinyar ta fito.

Yaron da kansa ya zo mini da kwalba a leda. Ya durƙusa ya ce Baba, don Allah ka karanta abin da ke bayanta. Da Larabci aka rubuta, manyan baƙaƙe, cewa ruwan inabi ne da babu abin maye a cikinsa. Larabcin da nake karantawa tun ina yaro ne, da na juya kwalbar a ranar da na gani. Ya ce naman na saniya ne, wurin yana da lasisinsa, 'yan sandan ma abincin rana suke zuwa ci kusan kullum. Sannan ya gaya mini abin da ta kira ni in gani. Wani faranti ne da ta ƙirƙira da kanta, 'yan tsiren rago da yajin ƙuli irin na Katsina, har masu wurin suka sa shi cikin jerin abincinsu. Ta fito da shi a hannunta, abokan aikinta na biye da ita suna tafi, ta tarar da kujera ba kowa.

Na ɗauki kwalbar nan na bi gida-gida ina ƙaryata kaina. Mutane suka yi ta gyaɗa kai suna cewa Allah ya kyauta. Mahaifin yaron ya karɓe ni da mutunci, ya ce shi ya yarda, amma matan gidansa sun ce ba za su kawo wadda ake nunawa da baki ba, kuma dole uba ya san abin da ya gani kafin ya fara rufawa. Aka fasa auren.

Sau ɗaya ta yi mini maganar. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta durƙusa ba, ta ce Baba, me ya hana ka tambaye ni? Ta ce da kalma ɗaya ta ishe mu. Bayan wata biyu ta nemi a mayar da ita reshensu na Riyad. Tana kirana kowace Juma'a, ta tambayi lafiyata da maganina, amma ko na tambayi aiki sai ta ce alhamdulillahi ta canza zance.

Na daɗe ina ce wa abin da ya hana ni magana tarbiyya. Yanzu na gane cewa na ji kunyar tambayar 'yata, amma ban ji kunyar kai sunanta bakin masallaci ba. Iyaye 'yan'uwana, musamman mu da muka tsufa a ƙasar mutane da tsoro a ciki, 'ya'yanmu suna shiga wuraren da ba mu sani ba. In kun ga abin da ya firgita ku, ku zauna, ku kira ɗanku ku tambaye shi kafin kowa ya ji. Ina roƙonku don Allah, kada wani ya yi abin da na yi.