Gyaran da Aka Yi wa Baba Minti-Biyar

Duk wanda ya taɓa kai agogo gyara tsohon benen nan na tsakiyar gari ya san Baba Minti-Biyar. Bakinsa ne ya ja masa sunan: "Dawo nan da minti biyar." Ka dawo bayan mako, minti biyar ɗin ba su cika ba. Amma fa ranar da ya miƙo maka agogonka, to ya tashi ke nan.

Shagon nasa, in ma shago ne, wani lungu ne a ƙarƙashin matakala: tebur, kujerar da aka ɗaure ƙafarta da waya, sai ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido. Tun yana saurayi yake wurin. Da teburin nan ya yi aure, da shi ya reni 'ya'ya.

Ran nan aka wayi gari da jan fenti a bango, wai za a rushe a gina sababbin shaguna. Baba ya kasa ko canja batir. Ana haka sai ga masu kishin tsofaffin gine-gine, wata malamar jami'a a gabansu, suna cewa ba a rushe tarihi. Kai, Baba kamar ya goya su! Shi ya zagaya da su, ya nuna musu inda rufi ke yoyo, ya tsaya suna ɗaukar sa hoto har wuyansa ya ƙage.

Suka kuwa yi nasara. Malamar ta zo da kanta ta ce, "Baba, babu rusau, gyara za a yi. Ku ɗan ba ma'aikata wuri, amma a bar mana teburin nan."

Da ya kai labari gida, babbar 'yarsa ta ce, "Baba, ka tambaye su ranar komawa?"

"Ke, me kika sani? Gyara aka ce. In na buɗe agogo, kin taɓa ganin na bar ko ƙusa ɗaya a waje? Komai inda aka ciro shi ake mayar da shi."

Wayyo, bawan Allah. Shi gyara iri ɗaya ya sani a duniya.

Ya koma zaman gida. Ya kwance agogon bango da lafiyarsa ƙalau ya sake ɗaurawa, ya bi na maƙwabta, ya ishi matarsa da zirga-zirga har ta ce, "Malam, ko kai ma gyaran za a kai ka?" Shiru-shiru, babu wanda ya aiko.

Ranar buɗewa ya sa rigarsa ta fita kunya, ya zuba kayan aiki a aljihu. Gini ya yi fes, sai ƙamshin fenti. Lungunsa na nan, teburinsa na nan, har kujerar da wayarta, an kewaye su da jar igiya, ga hotonsa rataye a bango.

Ya ɗaga ƙafa zai tsallaka igiyar, mai gadi ya riƙo hannunsa. "Baba, ba a taɓawa."

"Ɗana, ai wurina ne."

"Kayan tarihi ne yanzu."

Ya tambayi malamar, aka ce ta tafi ceton wani ginin. Yana tsaye sororo, mai zagayawa da baƙi ta iso da ayarinta, ta nuna lungun. "A nan wani mai gyaran agogo ya yi zamaninsa."

Wata baƙuwa ta ce, "Allah sarki. Yana raye?"

Mai zagayawar ta ce, "Anya kuwa."

Baba ya buɗe baki zai yi magana. Wani mutum ya ɗaga wayarsa ya ce, "Tsoho, ɗan matsa mana, kana tare hoton."

Ya matsa.