Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Takardar ƙin ba ni mafaka ta shigo ne ta waya, wata Laraba da hantsi, muna cikin kullen korona a unguwar Pantai Dalam ta Kuala Lumpur. Surukina, mijin 'yata, shi ya karanta min ita daga bakin ƙofar falo, yana fassarawa yana sunkuyar da kai. Ofishin da ke duba masu neman mafaka ya ce bai gamsu da labarina ba. Wai matar da ta ce an kashe ɗanta, an tambaye ta sunansa sau uku ta kasa faɗa. Wai da aka tambaye ta yadda ta ji, cewa ta yi ta gode wa Allah. Don haka suna shakkar ko ɗan nata ne, ko ma an taɓa yin sa a duniya.

Na ce, "Malam, maimaita min wurin nan na ƙarshe."

Ya maimaita.

Wankan jegon 'yata ne ya kawo ni Kuala Lumpur, mijinta yana karatun digiri na uku. Wata uku na yi niyyar yi. Ina nan 'yan bindiga suka shiga garinmu, suka zarce gidana, saboda ɗana na fari ya tsaya gaban hukuma ya ba da shaida a kan biyu daga cikinsu. Suka harbe shi a zaure, suka cinna wa gidan wuta, suka bar saƙo cewa saura uwarsa. Bizata ta ƙare ina kuka, sai na nemi mafaka. In aka ƙi ni, ranar da aka buɗe filin jirgi za a ɗora ni a mayar inda masu saƙon suke jirana.

Mu a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Kakata ba ta kira ba, innata ba ta kira ba, ni ma da na haifi nawa haka na ja bakina. Da aka yaye shi goggona ta ɗauke shi, sai da ya shiga firamare ya dawo hannuna. In ina son sa sai in yi gyaran murya, ko in ce wa ƙannensa, "Ku kira min yayanku." Shi kuma ya san muryar da nake gyarawa dominsa, ko yana bayan gida sai ya taho.

To ranar tambayoyin farko ta waya aka yi, da wani tafinta mai Hausar kasuwa, wadda ta iya ciniki amma ba ta san kunya ba. Aka ce in faɗi sunan. Na ce ai yana cikin takardun da muka aika. Aka sake, na ce yayan wannan yarinyar ne da nake gidanta. A na uku na yi shiru, ina jiran tafinta ya yi musu bayani tunda ya ce shi ɗan Arewa ne. Ashe bawan Allah cewa kawai ya yi ba ta amsa ba.

Akwai wata lauya Bamalayiya 'yar unguwar Kampung Baru da ke taimakon irinmu kyauta. Ta kira mu ta bidiyo da azahar. Ta ce, "Makcik," wato goggo da yarensu, "ɗaukaka ƙara boleh, ana iyawa, amma wa'adin gajere ne, kuma ita ce ƙofa ta ƙarshe." Shawararta ita ce mu rubuta cewa baƙin ciki ya rikita min tunani a ranar, a nemo takardar likita a haɗa. Ta ce irin wannan bayanin sun saba ji, suna kuma karɓa. Mutuniyar kirki ce, ba don ta ɓata min ta faɗa ba.

Surukina ya ce hakan ya fi sauƙi. 'Yata ma ta matso ta dafa gwiwata, ta ce, "Umma, ki ce kin manta mana, ba shi ke nan ba?"

Na ce, "Na manta? Ni? Ke, ɗauke hannunki. Na faɗi gaskiya sun ce ƙarya ce, yanzu kuma in shirga musu ƙaryar gaske don su yarda? In sa hannu a takarda cewa na manta sunan ɗan da na yi kwana biyu ina naƙudarsa? Gara su ɗora ni a jirgin."

Lauyar ta nemi a fassara mata. Da aka fassara ta ce to in rubuta abin da nake so da kaina, ita za ta sa shi a tsarin da suke buƙata, amma in sani akwai haɗari. Na ce haɗari ai a cikinsa nake kwana nake tashi.

Shekara ashirin da biyu na yi ina koyarwa a firamare, ba yau na fara riƙe biro ba. Na ja teburin guga bakin taga, na yi kwana huɗu ina rubutu a littafin 'yan makaranta, jirgin ƙasan cikin gari yana wucewa ta ƙasan tagar ba kowa a ciki. Abincin da 'yata ta yo tapau, wato ta sayo a ƙunshe, daga gidan abincin mamak ma sai ya huce nake tunawa da shi. Na fara da yi musu darasi kan kunyar ɗan fari, kamar yadda zan yi wa 'yan aji uku. Sannan na rubuta abin da na sani. Tabon ƙunar fitila a ƙwaurinsa na hagu. Ba ya cin kuɓewa ɗanya, sai busasshiya. In zai yi ƙarya yana sosa ƙeya. Ranar da ya ci jarrabawa na shige ɗaki na rufe ƙofa na yi rawa ni kaɗai, na fito na ce masa ya je ya ɗebo ruwa. Duk da gefen ido na tara waɗannan, don ban taɓa tsayawa na ƙare masa kallo a gaban mutane ba. Surukina yana fassarawa, sau biyu yana tashi wai zai yi alwala.

Da aka sassauta kulle mutanen ofishin suka kira ni. Aka auna zafin goshina a ƙofa, aka zaunar da ni gaban gilashi. Wata dattijuwa ce a ɗaya gefen, rubutuna a gabanta duk ta ja layi, da sabuwar tafinta Bakatsiniya. Ta ce ta karanta, ta kuma fahimta, amma ƙa'ida ce sai ta ji sunan daga bakina. Tafintar tana faɗa min tana kallon ƙasa.

Na san za a zo nan. Na sauke takunkumi zuwa haɓa. Ban yi raɗa ba, ban kuma karanto shi kamar mai kiran rajista ba. Kiran sa na yi, da ƙarfi, yadda uwa ke kiran yaro daga tsakar gida, har mai gadi ya leƙo. Sai kuma na tsinci kaina ina saurare.

Na ce wa tafinta, "'Yar nan, faɗa mata duka, kar ki rage. Shekara ashirin da bakwai yana raye ban kira shi ba, don girman da yake da shi a wurina. Kun sa na kira shi ranar da ba zai amsa ba. Yanzu ta sake rubuta cewa ba nawa ba ne in ta isa."

Bayan wata biyu amsa ta zo, sun soke hukuncin farko, ba za a mayar da ni ba. Surukina ya tsaya bakin ƙofa da fara'arsa, ya ce ya kamata mu aika musu da 'yar wasiƙar godiya. Na ce ya rubuta wa lauya, ya gaishe ta da kyau. Su kuwa sun riga sun karɓi abin da ya fi godiya tsada, ba zan ƙara musu ko harafi ba.