Am Labib Mai Ɗibar Jinin Aladu

An haifi Labib Gattas a gindin dutsen Muƙattam, a irin gidajen nan da ƙasa na aladu ne, sama na mutane. Mahaifinsa Gattas yakan kwaso sharar Alƙahira da keken jaki, mata su tsince robobi da gwangwanaye, abin da ya ruɓe a zuba wa dabbobi. Labib ya taso ba abin da ya tsana kamar warin nan. Yana yin gemu ya gangara gari, ya samu aikin wankin kwalabe a wata cibiyar bincike a bayan Giza. Aka ba shi farar riga, yana komawa gida yana ƙanshin sabulu, yana tafiya yana ɗaga ƙafa kada takalminsa ya ɓaci.

Ya daɗe a haka, har ya auri Nargis, aka fara ce masa Am Labib, wato Kawu Labib. Sai wata shekara aka kawo wa cibiyar aladu daga Turai don nazarin ciwon suga. Irin ƙanana ne, farare tas, babbansu bai wuce tunkiya ba. Ma'aikata kowa ya kawo uzuri. Shugaban sashe ya dubi ɗan gicciyen da ke zane a wuyan hannun Labib, ya yi murmushi.

"Am Labib, kai ai ɗan gida ne. Ga baƙinka nan."

Ranar Labib bai iya cin abincin rana ba.

Likitar dabbobin da aka haɗa shi da ita, Dakta Afaf, 'yar Mansura ce, ba ta daɗe da gama karatu ba. Ta zo da ɗankwalinta da safar hannu har gwiwar hannu, ta gaya masa gaskiya cewa ba ta taɓa ganin alade ido da ido ba sai a littafi. Ɗibar jininsu na farko kokawa ce. Ƙarti suka danne dabba, ita kuwa tana tsala ihu har ana leƙowa daga bene. Da sakamako ya fito, suga ya hau sama kamar an ɗura mata zuma.

"Wannan jinin tsoro ne, ba na ciwo ba," in ji Dakta Afaf. "In muka ci gaba da danne su, ƙarya za mu riƙa aunawa."

Ta zana masa wani abu da ta gani a littafi: shimfiɗa ta zane mai kauri a rataye jikin ƙarfe, da huji huɗu na ƙafafu da ɗaya daidai wuya. Nargis ce ta ɗinka ta farko da tsohon kekenta, tana yi tana dariya, wai ko jaririnta bai samu irin wannan gata ba. Labib kuwa ya tuna yadda uwarsa take sosa wa alade ciki har ya miƙe ƙafa ya lumshe ido. Suka haɗa biyun. A ɗora dabba a shimfiɗa, ƙafafu na reto, Labib na sosa ta yana ba ta yankan tuffa, Dakta Afaf ta lalubi jijiyar wuya ta soka allura. Daga baya ta koya masa sokawar, ya zamana shi ke ɗiba, ita tana jera kwalabe a injin da ke wulwula su har jini ya rabu da ruwansa.

Fitsari shi ne aikin haƙuri. Alade yana tashi daga barci yake nufar lungunsa ɗaya da ya saba, don haka Labib ya ɗaure ludayi a bakin doguwar sanda, yana zuwa da sassafe ya raɓe jikin bango yana jira. Akwai wata ta-mace da suka sa wa suna Basbusa, sunan wani kek mai zaƙi, don zaƙin halinta in ta ga tuffa. Ita kam sai ta tsaya ta zuba masa ido, ba za ta yi ba sai ya gaji ya juya baya.

"Ya Dakta, wallahi wannan ta fi surukata wayo."

"Kunya take ji, Am Labib. Kai ma ka riƙa kau da kai mana."

A cikin wannan zamani ne tsoho Gattas ya zo ganin aikin ɗansa. Ya iske shi a tsugune da ludayi a bayan Basbusa. Tsoho ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai, Labib! Ka gudu daga aladuna, ka zo kana yi wa wadanninsu bauta? Ni dai tun da nake ban taɓa tara wa alade ludayi ba."

"Ya Baba, rage murya, a wurin aiki muke."

"Wane aiki? Waɗannan duka ba su kai tukunya ɗaya ba!"

Labib ya kai shi inuwa ya kawo masa shayi. Nan ya lura tsoho ya shanye ruwan gora guda, ya nemi ƙari, kuma bini-bini sai ya tambayi hanyar ban-ɗaki. Rigarsa ma ta yi masa yawa. Labib ya sha ganin haka a jikin dabbobin da sugansu ya hau. Ya roƙi Dakta Afaf 'yar takardar gwajin nan mai sauya launi in an tsoma ta a fitsari, ya hau Muƙattam da takardar ranar Lahadi bayan an taso daga coci.

"Yanzu kuma ni ne aladen?" in ji tsoho. Sai da matarsa ta sa baki ya karɓi kofin yana gunaguni. Takarda ta rine, ta yi duhu. Amma tsoho ya ce asibiti kam ba da shi ba, duk wanda ya sani ya shiga can a makara aka fito da shi.

Dakta Afaf da kanta ta hau dutsen. Ta ratsa lungunan shara da takalminta mai tsini, ta wuce ta gaban garken aladu, ta hau bene ta zauna a kan tabarma. Aka kawo mata shayi ana ta kallon ko za ta sha. Ta sha, ta nemi ƙari.

"Am Gattas, ni likitar dabbobi ce, ba zan ba ka magani ba. Amma ina da yaya likitan mutane, gobe ni zan kai ka."

Tsoho ya dube ta.

"'Yata, da ke na fi yarda. Likitan dabba ba ya yawan tambaya. Amma tunda kin hau har nan, ba zan kunyata ki ba."

Ya je. Ya rayu shekaru masu dama bayan haka, yana yi wa kansa allura yana zagin wanda ya hana shi zuba suga a shayi.

Waɗannan su ne shekarun da Labib ya fi ambato. Da safe ƙanshin wake da gurasa a ɗakin hutawa, rediyo na kiɗa a hankali saboda aladun sun fi natsuwa da shi. In watan azumin Dakta Afaf ya zo, ya ɓoye abincinsa ya ci a bayan gini. In nasa dogon azumin ya zo, wanda ba a cin abin da ya fito daga dabba, ita kuma ta daina kawo cuku da ƙwai.

Sai shekarar murar aladun nan ta zo, gwamnati ta ba da umarnin karkashe aladu. Aka share garken tsoho Gattas, ya zauna a matakalar bene yana kallon fili. Na cibiyar ma ba su tsira ba, duk da kai-komon da Dakta Afaf ta yi tana nuna lafiyarsu lau. Abin da ta samu kawai shi ne a bar su su yi da kansu, da allurar barci. Labib ya ce shi zai riƙe su. Basbusa ta tsufa a lokacin, haƙora sun zube, sai da ya murƙushe mata tuffar a tafin hannu. Dakta Afaf ta yi allurar tana kuka. Ba a sake buɗe sashen ba, kuma tsoho Gattas bai kai baɗi ba.

Yanzu Labib ya yi ritaya. Dakta Afaf ta buɗe ɗan asibitin karnuka da kyanwoyi a unguwar Ma'adi, duk ranar Alhamis yakan hau jirgin ƙasa ya je ya taya ta riƙe marasa lafiya. Hannayensa duk shatin farce ne. Kwanan baya wata kyanwa ta yakushe shi har jini ya fito, ya saki baki yana kallonta.

"Kin gani ko, ya Dakta? Waɗancan ba su taɓa yi mini haka ba. Wannan ba ta da tarbiyya."

"Kawo hannun in wanke maka," in ji ta, tana neman auduga. "Ka riƙe ta da kyau, ban gama ba."