Takardun Taurarin Mahaifina

Mahaifina bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya sani shi ne na Tiga, amma in ya fara zancen jiragen ruwan mutanen da, sai ka rantse a cikinsu aka yanke masa cibiya. Malami ne a ƙauyenmu, kusa da Bunkure. Yana da wasu takardu a gafaka da ya gada daga kakansa, masu lissafin taurari ashirin da takwas. Da su yake gaya wa manoma lokacin shuka da lokacin da ruwa zai ɗauke.

Yakan ce ba don gero da dawa kaɗai aka yi lissafin nan ba. Da shi fataken Larabawa suke tashi daga Yaman a jiragen da iska ke turawa, su nufi ƙasar Hindu, ba hanya ba sawu, su yi watanni suna jiran iska ta juyo, sannan su komo da kanumfari da alharini.

"Tauraron da ya mai da su gida," in ji shi, "shi yake gaya mini ranar shuka. Zauna in koya maka."

Ban zauna ba. Shekarata ashirin, ina da gonar tumatir a bakin kanal, kaina na hayaƙi. Na ce, "Baba, yanzu ruwa yana hannun mai buɗe ƙofar kanal ne." Ya ce in yi istigfari, ya ɗaure gafakarsa. Bai sake yi mini tayi ba har ya rasu.

A wajenmu ba a yar da tsohuwar takarda mai rubutun Larabci, kada a taka sunan Allah. Ƙonawa ake yi a binne tokar. Ranar da muke share ɗakinsa, yayana ya tambaye ni ko akwai wadda za a ajiye. Na ce babu, don sauri nake in je ban ruwa. Ni na ƙyasta ashanar da hannuna, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shekarar da aka rufe kanal don gyara, kowa ya koma jiran damina. Da ruwan farko ya sauka, wani dattijo, aminin mahaifina, ya yi sallama da ni. Irin dawarsa bai fi kwano biyu ba, in ya ƙone a ƙasa ba shi da wani.

"Ɗana, wane tauraro muke ciki? In shuka ko in dakata?"

Na ce ban sani ba. Ya ce ba komai, in ɗauko takardun, zai nemo mai karantawa. Dole na faɗa masa abin da na yi.

Sai ya laluba takalmansa.

"Takardun nan sun tsallake teku, sun tsallake hamada, sun iso lafiya," ya ce. "Ashe kai suke jira."