Amarya da Jar Saniya

Ni dai tun ina ƙarama ba na shiri da abu mai ƙaho. Cikin garin Magariya aka haife ni, ragon layya ma in aka ɗaure shi a tsakar gidanmu, da bango nake bi in wuce. Na girma na zama mai ɗaukar hoton biki, aikin kuma ya karɓe ni, don ni mace ce, ina shiga har ƙuryar ɗakin amarya, maza masu kyamara kuwa zaure ne iyakarsu. Aikina bai wuce in gyara wa amarya ɗaurin kallabi ba, in jera ƙawaye gaban labule mai zanen gidan sama, in ce kowa ta yi murmushi.

Wata ranar kasuwa wani mushe, wato malamin boko, da ke koyar da ƴaƴan yayata a lakwal ya shigo shagona tare da wadda zai aura. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, ƴar wani ƙauye ce bayan Mallawa, mutanen da ke noma suna kuma kiwon shanu. Ta yi karatu har Damagaram. Suka ce bikinsu ba gidan taro, ba mai kiɗan na'ura, labulena ma in bar shi a shago. In an ɗaura aure, a garken babanta suke so a yi hotuna, ita da wata jar saniya.

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce. Ita ba ta yi ba. Ta ce saniyar ƴar saniyar mahaifiyarta ce. Mahaifiyar ta rasu tun tana ƙarama, uwar saniyar ma ta mutu wata shekara da ciyawa ta yi wuya, ita ta raini maraƙar da kunu a ƙwarya har ta tsaya da ƙafarta. Babanta ya ba ta ita, kamar yadda ake ba ƴa in za ta gidan miji, to amma ɗakin haya za su zauna a Magariya, inda akuya ma ba ta da wurin kwana. Saniya za ta zauna a ƙauye, ita za ta tafi. Hoton shi ne abin da za ta iya ɗauka.

Sai na ji bakina yana cewa ai ba komai, saniya ce fa, ba zaki ba. Baki shi ke yanka wuya. Suna fita na zauna na riƙe kai.

Da kaka aka yi bikin, an gama yankan gero. Na shiga mota zuwa Mallawa, daga nan kabu-kabu ya kwashe ni cikin rairayi, muna tafe muna tangaɗi. Da na isa an riga an ɗaura aure. Amarya tana ɗakin gwaggonta, ƙanwar babanta, wadda ta riƙe ta bayan rasuwar uwar. Kwana da kwanaki ke nan tana cikin lalle ba ta leƙa waje ba. Ina ɗaga labulen ɗakin hayaƙin turaren wuta ya buge ni har sai da na yi tari. Gwaggo mace ce mai baki, ni ma da nake ji da nawa na sallama mata. Ta gaya mini a fuskata ba ta son wannan hoton, wai me duniya za ta ce, amarya a garke sai ka ce mai tallan nono. Amma tunda yaran zamani sun fi ƙarfinta, to aƙalla ƴarta za ta fita da gyara irin wanda ba a taɓa gani ba a ƙauyen. Humra da turaren daga hannun wata Babarbariya ta sayo su, kullum safe da yamma sai ta turara yarinyar, ta turara zannuwanta, har gashinta. Lallen kuwa baƙi da ja, zane har gwiwar hannu. Na ɗauki hannuwan nan hoto ina yabawa, don sun cancanta.

Bayan la'asar muka fito. A ƙofar gida baban amarya ya tare mu, wani siririn dattijo da sanda a kafaɗa. Ya ce akwai abin da ba a gaya mata ba. Jar saniya ta haihu amarya na cikin lalle, an ɓoye mata don an san da ta ji za ta fita da gudu. Tun da ta haihu kuma ba ta yarda da kowa kusa da ita sai shi, shekaranjiya ma ta kori wani maƙwabci har ya hau bishiya. Ya ce a yi hoton da sauran shanu, ga su nan masu sanyin hali.

Ni har na fara cewa gaskiyar Baba ce, hasken ma ya fi kyau ta wajen sauran shanun, alhali ban ma ga garken ba. Amarya ta sunkuyar da kai ta ce ita saniyarta ba za ta taɓa ta ba. Dattijon ya dube ta, ya juya ya shige gaba.

Garken yana cikin wata gona da aka girbe, shanu na cin kara suna zuba taki. Ango na gefena cikin farar shadda, ɗan birni ne irina. Gwaggo da ƙawaye uku na baya. Tun daga nesa na hango ƙahonin, farare dogaye. Baban ya tsaya ya ce in kashe wutar kyamarar, in ɗaure mayafina kada iska ta kaɗa shi. Sannan ya dubi dukanmu.

"Kome ya faru, kada wanda ya gudu. Saniya mai jego mai gudu take bi."

Jar saniyar ita kaɗai take tsaye gefe guda ƙarƙashin wani gawo, ɗan maraƙinta na tsakanin ƙafafunta. Kyamarata ba mai jawo nesa ba ce, ta ɗakin amarya ce, in ina son fuska ta fito dole in matsa. Haka na bi bayan amarya, ina taka karan gero a hankali, kowane kara ya karye sai in ji kamar a cikin ƙirjina ya karye.

Amarya ta fara kiranta, wani kira daga maƙogwaro da ban taɓa jin irinsa ba. Saniyar ta ɗaga kai, ta miƙe kunnuwa, har ta tako zuwa gare mu. Na ce a raina alhamdu lillahi, ashe abin mai sauƙi ne. Iska daga bayanmu take busowa. Saniyar ta tsaya cak, ta buɗe hanci, ta yi wani huci da na ji shi har tafin ƙafata. Ta sunkuyar da kai ta fara tonon ƙasa da kofato.

Muryar baban ta zo daga baya, ƙasa-ƙasa.

"Turaren ne. Muryar ta sani, ƙamshin ne ba ta sani ba. Ki dawo da baya-baya, ƴata."

Duk cikinmu ba wanda wannan tunanin ya zo wa, har shi da ya tsufa cikin shanu. Amarya ba ta dawo ba, ni kuma ba zan iya ba, ƙafafuna sun ƙi. Wallahi tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba. Fitsari ya matse ni, na kama karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga banɗaki. Na tuna ƴaƴana biyu da na bari wajen yayata ban ko yi musu sallamar kirki ba. Haushin kaina ya kama ni, da haushin gwaggo da turarenta, da na yarinyar nan mai taurin kai da za ta sa a kwashe mu a amalanke ranar aurenta.

Saniyar ta taso. Ban san yadda zan faɗi saurin ba, na dai ga ja ya cika mini ido, sai kuma ta ci birki, rairayi ya watsu a kan zanen amarya. Ƙawayen nan uku suka zubar da takalma suka ranta a na kare, Allah ya taimake su suna nesa. Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana salati. Ango ya yunƙuro zai zo wajen matarsa, na yaba masa wannan har yau, amma surukinsa ya gitta masa sanda a ƙirji ya tsayar da shi. Shi ma dattijon bai matso ba, don ya san in ya motsa saniyar za ta ɗauka maraƙin aka zo ɗauka.

Tsakanin amarya da ƙahon bai fi tsawon tabarma ba. A hankali ta zame mayafinta ta sake shi ƙasa. Ta zare awarwaro ɗaya bayan ɗaya don kada su yi ƙara, ta fitar da ƙafafunta daga takalmi. Sai ta durƙusa. Akwai ɗanyen kashin shanu a gabanta. Ta tsoma hannuwan nan biyu masu lalle a ciki, ta shafa har gwiwar hannu, ta shafa a wuya, ta shafa a gaban rigar. Na ji gwaggo ta yi wani ƙaramin sauti kamar an taka ta. Amarya ta miƙa hannun dama, ta kawar da fuska gefe, ta ci gaba da kiran nan a hankali.

Ni duk wannan ta cikin kyamara nake ganinsa, don tun da na ɗaga ta na kasa sauke ta. Saniyar ta matso tana huci, ta tsaya, ta sake matsowa. Tsinin ƙahonta ya zo daidai kunnen yarinyar. Yatsana yana kan maɓalli, ban san lokacin da ya danna ba. Ƙarar ƴar kaɗan ce, a gidan biki ba mai jin ta, amma a gonar nan ta fita sarai. Saniyar ta juyo da kanta gaba ɗaya ta dube ni.

Na ga jan da ke gefen idonta, na ga ƙudaje a hancinta. Duk jikina cewa yake in gudu, har dugadugina ya ɗaga.

"Yaya, kada ki motsa," in ji amarya, ba ta ko juyo ba. "Ki dubi ƙasa."

Na dubi ƙasa. Ina kallon wani ƙwaro yana tura taki kusa da yatsan ƙafata, hawaye na sauka a kan kyamarar, ina jiran inda ƙahon zai shige ni. Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba. Abin da ya dawo da ni wani sauti ne kamar ana kankare ƙwarya. Na saci kallo, sai na ga saniyar tana lasar hannun amarya da wannan kaushin harshen nata, tana tura mata kai a kafaɗa har tana neman kayar da ita. Yarinyar ta rungume wuyanta ta fashe da kuka. Can ta miƙa hannu ta shafa maraƙin, uwar ba ta hana ba.

Baban ya ce yanzu in ɗauka. Na ɗauka, ina kuka ina ɗauka, rabin hotunan sun girgiza. Ango dai saniyar ba ta yarda ya matso ba, shi ma bai nace ba. Hoton da suka fito tare, ita tana durƙushe da kan saniya a cinyarta, riga duk taki, shi yana can baya cikin farar shadda riƙe da takalmanta da mayafinta. Shi suka sa na wanke musu babba.

Da muka koma gida sai da na nemi bayan ɗaki tukuna, sannan na zauna a ƙasa na sha ruwa kofi biyu. Motar kai amarya ta riga ta iso, ana so a kama hanya da sauran rana. Gwaggo ta ja ta ɗaki da ruwan ɗumi da sabulu, tana wanki tana faɗa, wai kwana nawa tana gyara an rushe mata cikin ƙiftawar ido. Ta canza mata kaya, ta wanke wuya, ta wanke hannun hagu. Da ta kai ga na dama, wanda saniyar ta lasa, sai amarya ta dunƙule shi ta cusa cikin zane. Gwaggo ta ja, amarya ta ƙi saki. Gwaggo ta tambaye ta ko da warin garke za ta shiga ɗakin miji, a gaban dangin miji ƴan birni.

"Gwaggo, ku bar mini shi mu isa," in ji ta. "In na yi alwalar magariba ai shi ke nan."

Gwaggo ta tsaya da buta a hannu tana kallonta. Ta ajiye butar, ta ɗauko sabon mayafi ta lulluɓe ta, ta gyara shi yadda zai rufe hannun, ta kama ta suka fita zuwa mota.