Jar Atamfar Inna

Duk abin da zan manta a sana'ata ta zanen katin biki, ban da ranar da wayata ta wanke Baba a wurin Inna.

Tun tasowarmu a Kebbe, kowace Sallah Inna sai ta ce jar atamfa take so. Baba ya tafi kasuwar Tambuwal, ya dawo da koriya ko ruwan ƙasa, yana fara'a abinsa. Ga shi da kafiya, ba mai shagon da ya isa ya zaɓa masa. Mu dariya muke yi, ita kuwa abin yana cin ta. Ta taɓa gaya mini cewa maganarta ba ta da daraja a wurinsa, daga baya ma ta daina roƙo.

Wata shekara gab da Sallah Baba ya biyo ta shagona a Tambuwal ya huta kafin ya shiga kasuwa. Na haɗa katin walima kala biyu, ja da kore, na rasa na ɗauka, sai na miƙa masa wayar ya raba mini gardama. Ya daɗe yana dubawa.

"Ke ɗiyar ga, wasa kika yi da ni? Ai wanga da wanga duk ɗaya na."

Na zaci zolaya ce, amma fuskarsa ba wasa. Akwai manhajar da nake haɗa kaloli da ita, wadda in ka haska abu da kyamara za ta faɗa maka kalarsa. A cikinta akwai wurin da ke nuna yadda masu matsalar bambance ja da kore suke gani, ban taɓa buɗe shi ba. Ina taɓawa katunan nan biyu suka koma iri ɗaya sak. Na tausaya masa ƙwarai.

Da na yi masa bayani, sai ya tambaye ni ko ke nan shekara da shekaru kore yake kai wa uwarmu. Na ce ƙwarai kuwa. Ya yi salati, ya fashe da dariya, ya ce in rufe shago.

A kasuwa shi ya riƙe wayar, turmi bayan turmi yana haskawa ina karanta masa. Sau uku yana rantsuwa ya samu ja, waya tana ƙaryata shi, masu shaguna suna ta dariya. Da muka dace, rungume turmin ya yi har kan babur.

Inna ta buɗe leda ta ga ja jawur, ta dube ni, ta ce ai ta san zaɓina ne. Sai na haska tsohon zanenta kore kusa da sabon, na nuna mata yadda Baba ke ganinsu. Ta dubi waya, ta dube shi.

"Malam, haka kaka ganin duniya?"

"Ni dai a wurina, kullum ja kika ɗaurawa," in ji Baba. "Kuma yana yi maki kyau."

Inna ta rufe fuska da sabuwar atamfar, tana dariya tana hawaye. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Har yau ba na buga kati sai na duba shi da idon Baba. Kuma na koyi cewa kafin in ce wani bai damu da ni ba, in fara tabbatarwa abin da nake gani shi ma shi yake gani.