Fara da Safe, Shuɗiya da Dare

Yana zaune a ofishin inshora yana goge tabaransa da gefen riga, ya saka, ya sake cirewa, kamar laifin gilashin ne. Dattijo ne dogo, hannuwansa irin na wanda ya daɗe yana sassaƙa katako. A gabansa ga takardun inshorar lafiyar tsofaffi: ta gwamnati daban, ta ƙari daban, ta magani daban. Ranar Juma'a kuma ake rufe rajista.

"Mista Haugen, waɗanne magunguna kake sha?" in ji ma'aikaciyar ofishin. "Sai na san sunayensu zan gane tsarin da zai biya maka."

Ya zaro ɗan akwatin ƙwayoyi daga aljihu.

"Fara da safe, shuɗiya da dare. Wannan mai ɗacin kuwa ban san me na yi mata ba."

"Sunayen fa, Baba?"

"Matata Lorna ce ta sani. Shekara arba'in ita ke riƙe da takardunmu." Ya rufe akwatin a hankali. "Yanzu ko sunana ni nake tuna mata."

"To, kawo mini kwalaben gobe."

Ya tattara takardun, har da waɗanda ba nasa ba, ya fita yana maimaita wa kansa, "Kwalabe, gobe. Kwalabe, gobe."